Rasuwar Hajiya Mai Cin Faifai, da Halin da Ta Bar Marayunta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da shiru, Malam Muhammad Bashir, malamin aji huɗu a makarantar firamare, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Toranke da Ajingi, da na Balan ta ƙasar Gaya, rasuwar rediyonsa mai cin faifan sidi, wadda aka fi sani da Hajiya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan kantar ɗakinsa, bayan doguwar jinya. Ta yi shekara ashirin da ɗaya a hannunsa. Shekarun da ta yi a kanti kafin nan kuwa, ba a samu wanda zai ba da shaida a kansu ba.

Ba da wasa ta samu sunan Hajiya ba. Maƙwabcin Malam, Baffa Kolo mai hatsi, shi ya zo da ita tsarabar aikin hajji. Ta sauka a filin jirgin Kano naɗe cikin bargo, dabino a damanta, carbi a hagunta. Ta riga mai ita ganin ƙasa mai tsarki, shi kuwa har yau yana nan yana niyya, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi masa gori ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta yi aiki da wutar lantarki a ranakun da wutar ta ga damar zuwa, ta yi da batirin mota, ta yi da sola, ba ta taɓa tambayar daga ina abincinta ya fito ba. An are ta gidan suna, an are ta taron iyaye da malamai, an taɓa goya ta a keke zuwa gayyar noma ta dawo da ƙasa a kunne, ba ta kai ƙara ba. Duk wanda ya zauna da ita zai tuna yadda take gaisuwa. In an danna murfinta sai ta ce "ƙyas." In an sa mata faifai sai ta ja numfashi, "shiii," ta yi ɗan nazari, "ƙirr, ƙirr," sannan ta fara magana. Babbar shaidar da za a yi mata ita ce wannan: abin da aka ba ta shi take faɗa, ba ƙari ba ragi. Ba kowane mai rai za a yi wa wannan shaidar ba.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba a ɓoye wa mai ta'aziyya gaskiya. In ta gamu da ƙarzajjen faifai sai ta tsaya a kan kalma ɗaya, "ta-ta-ta-ta," kamar ɗalibin da ya kakare a tsakiyar karatu. Malam bai taɓa dukanta ba. Yakan jira ta, kamar yadda yake jiran 'yan ajinsa, in abin ya yi tsawo ya ɗan dafa kafaɗarta, sai ta wuce.

Ta rasu ta bar lasifika biyu, da wayar wuta ɗaya mai ɗauri uku, da rimot wanda ya bar gida tun shekara goma sha biyu da suka wuce ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta kuma bar marayu ɗari da arba'in da uku, wato faya-fayan da Malam ya tara, kowane da lambarsa da sunansa rubuce da jan alƙalami. A cikinsu akwai na wa'azi, akwai kiɗan gangar noma da ya ɗauka da kansa a gonakin Toranke, akwai tatsuniyoyin tsofaffin da yanzu babu su, akwai kuma jawaban manyan baƙi a ranakun rabon kyaututtuka na makaranta, faifai goma sha shida, waɗanda ko marigayiya da haƙurinta takan yi nishi in an sa mata su.

Sai kuma lamba arba'in da ɗaya. Dole a yi bayaninsa, domin a kansa Hajiya ta ƙarasa.

Malam ɗan fari ne a wurin mahaifiyarsa, marigayiya Inna Indo, kuma ta riƙe alkunyar ɗan fari yadda mutanen da suke riƙe ta. Ba ta taɓa kiran sunansa a gabansa ba. In tana son sa sai ta ce "kai," in tana zancensa sai ta ce "wancan na makaranta." Wata rana, shekara talatin da suka wuce, yana sabon malami, ya aro rikoda ya ajiye kusa da dutsen niƙa don ya ɗauki waƙar da take yi in tana niƙa, ya fita zaure don kada ta ji nauyinsa. Da ya saurari kaset ɗin daga baya, sai ya ji a minti na huɗu ta katse waƙar, ta yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin ƙarar dutse, da sunansa a ciki. Sau ɗaya ke nan a duniya. Bayan rasuwarta ya kai kaset ɗin Kano aka juye a faifai, kaset ɗin kuma danshi ya cinye shi. Bai taɓa kunna wa kowa wannan faifai ba, don shi ma ya gaji kunyar. Matarsa Barira kaɗai ta san da shi, ita ma ta labule ta ji.

Ciwon ajalin Hajiya ya fara ne bara, da yanar ido. Sai a sa mata faifai ta yi ta juyi, "ƙirr, ƙirr, ƙirr," daga ƙarshe ta rubuta a goshinta cewa babu faifai, alhali ga shi a cikinta. An kai ta wurin mai gyara a Ajingi, ya goge mata idon da auduga, ta ɗan farfaɗo. Amma ya ja Malam gefe ya ce masa irin wannan ido an daina haihuwarsa, a je gida a ci gaba da lallaɓawa.

Nan fa tunanin marayu ya kama Malam. Ran kasuwar Ajingi ya ɗaure kwalinsu a bayan babur ya kai wa Maikuɗi, tsohon ɗalibinsa, mai rumfar tura waƙoƙi a waya. Ya zaro memorin wayarsa mai giga biyu ya ɗora a kan tebur.

Maikuɗi ya dubi kwali, ya dubi memori, ya sosa ƙeya. "Malam, duka a nan ciki?"

"Duka. Ko ba zai yiwu ba?"

"Haba Malam, wa ya isa ya ce maka ba zai yiwu ba? Kai ka zaunar da mu mu tamanin da bakwai a aji ɗaya. Matse su zan yi."

Ya kuwa matse su. Ya mai da su MP3, irin wanda ake turawa a waya, kuma don su shiga duka sai ya zaɓi mafi ƙanƙantar awo da kwamfutarsa ta sani. Ya san abin da matsi yake yi wa sauti, amma kunyar malaminsa ta hana shi faɗa. Malam kuma bai tambaya ba, shi da ya shekara talatin yana ce wa yara wanda bai gane ba ya ɗaga hannu.

Bayan kwana uku ya karɓo memori, abu kamar farcen ɗan yatsa. Ya gwada wa'azi ɗaya a rumfar, ya ji kalmomi suna fita, ya sa wa Maikuɗi albarka. Da ya dawo gida ya tura kwalin ƙarƙashin gado, ya faɗi maganar da yake roƙon jama'a su shaida cewa daga bakinsa ta fito, ba daga bakin kowa ba: "To, faya-fayan nan sun huta."

Barira ta ji. Shekara ashirin tana share gefen kwalin nan, tana kuma da kwanukan da suka fi shi cancantar wurin. Washegari Malam yana makaranta sai ga ƙanensa Ɗantani, manomi, ya shigo yana kukan jan-baki sun sauka a geronsa, sun raina mutum-mutumi har suna hutawa a kan hularsa. Ya ce an gaya masa ba abin da ke korar tsuntsu kamar ƙyallin tsohon faifai. Barira ta jawo kwali. Ɗantani mutum ne mai kyauta: ya rataya rabi a gonarsa, ya raba wa maƙwabtan gona, ragowar ya aika wa surukansa a Balan. Don su ji daɗin juyawa a iska kuma, sai ya ƙona ƙusa ya huda kowane a baki ya zura zare.

Kwana tara Malam bai sani ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kewar Inna ta taso masa, ya rufe ƙofa ya nemo lamba arba'in da ɗaya a waya. Waƙar tana nan, sai dai dutsen niƙan ya koma kamar ana kaɗa ruwa a gora. Ya jira minti na huɗu. Ya ji waƙar ta tsaya, ya ji wani ɗan gunguni kamar an yi magana cikin randa, sai waƙar ta ci gaba. Ya mayar baya sau bakwai. Babu suna.

Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ga kwanuka jere suna sheƙi.

"Barira, ina kwalin nan?"

"Wane? Na waɗanda suka huta? Suna gona, Malam, suna shan iska."

Waɗanda suka ga Malam a hanyar gona ranar sun ce ba su taɓa sanin yana da gudu ba. Ya tarar da aikin shekara talatin yana lilo a kan gero, yana walƙiya tun daga kan iyaka har bakin kwari, ko tsuntsu ɗaya babu. Toranke ba ta taɓa ganin ilimi ya yi amfani a fili irin na ranar ba. Ɗantani ya taho da fara'a.

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Wallahi na jawabin manyan baƙin nan sun fi kowane aiki, ko kusa da su tsuntsu ba ya zuwa."

Malam ya kamo faifai ɗaya ya juya. Rana da ruwan sama sun wanke jan alƙalami tas. Duk sun zama fuska ɗaya.

A nan bakin gona ya kira 'yarsa Rauda a waya, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kano. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta yi masa karatu, shi kuma ya tsaya kamar ɗan aji.

"Baba, ɗauka faifan nan gyaɗa ce. In aka juye shi a WAV, an zuba ta a buhu da ɓawonta, ba abin da ya ɓata, amma buhu kaɗan sun cika ɗaki, kuma da wuya ka samu inda za ka rubuta suna a jiki. In aka juye a FLAC, an ɓare ta ke nan, ta ragu kusan rabi, amma kowace ƙwaya tana nan, ga suna da lamba a jikin buhu. Wannan shi ne iri. MP3 kuwa ƙuli-ƙuli ne. Yana da daɗi, yana shiga aljihu, kowace waya ta san shi, har lasifikar 'yan acaɓa. Amma an matse man."

"To a mayar masa da man mana."

"Baba, ka taɓa ganin an shuka ƙuli-ƙuli?"

Malam ya sake juya faifan da ke hannunsa.

"Ba a ƙi ƙuli ba," in ji ta. "In aka yi shi a babban awo, kai da kanka da wuya ka bambance. Amma naku an matse shi har ya bushe ƙamas, kuma abin da matsi irin wannan yake fara cinyewa shi ne ƙaramar murya da ke ƙarƙashin babbar ƙara. Mai iri yana yin ƙuli duk ranar da ya so. Mai ƙuli kaɗai, in ya cinye shi ke nan. Ka nemo faifan ka raba shi da rana, kullum tana cinsa. Ni sai Talata zan samu fitowa, zan zo da na'urar juyewa."

Malam bai iya kwashe faya-fayan gaba ɗaya ba. Gero yana tsakiyar zuba ƙwaya, kuma ba zai ceci murya ya bar gidan ƙanensa da gidajen maƙwabta babu tuwo ba. Sai ya tsara abin yadda ya saba tsara jarrabawa: a kwanto goma, a kawo wa Hajiya ta karanta, wanda ba shi ba ne a sake rubuta masa suna a mayar bakin aiki, a kwanto wasu goma. Ɗantani ya yi ta jigila bai san me ake nema ba, don Malam ya ce masa kawai wani faifai ne mai muhimmanci.

Haka marigayiya, da yanar ido da tsufa, ta yi kwana huɗu tana karɓar marayunta ɗaya bayan ɗaya, kowane da ƙuna a baki da kashin tsuntsu a baya. Wani ta karanta, wani ta yi ta juyi ta ce babu. A rana ta biyu murfinta ya daina rufuwa sai an ɗora masa ƙamus. A rana ta uku ta fara ɗumi, Barira ta zauna tana yi mata fifita, ba wanda ya sa ta. Na Toranke suka ƙare, ba a samu ba.

Ranar Talata da hantsi Ɗantani ya dawo daga Balan da guda goma sha ɗaya a cikin hularsa, bayan ya sha dogon bayani da surukinsa, wanda ya ce kyauta ba ta komawa. Na farko wa'azi ne. Na biyu gangar noma. Na uku Hajiya ta ƙi shi. Da aka sa na huɗu ta ja numfashi, "shiii," ta yi "ƙirr," ta yi shiru har Malam ya miƙa hannu zai cire. Sai ga dutsen niƙa, dutse sosai, mai ƙasa da nauyi. Sai ga muryar Inna.

Ɗantani, da ke tsugune bakin ƙofa yana warware zare, ya ɗago kai. Malam ya so ya kashe, kunya ta taso masa, amma ya ji tsoron in ya kashe ba za ta sake tashi ba. Aka bar ta. A minti na huɗu waƙar ta tsaya, kuma a ƙarƙashin ƙarar dutse, ƙasa-ƙasa amma tar, Inna Indo ta ce:

"Ɗantani, ajiye. Na Bashiru ne."

Ɗantani yana da shekara arba'in da biyu, da 'ya'ya shida. Ya dubi faifan da ke hannunsa, ya ajiye shi a kan tabarma a hankali, ya ce, "To, Inna." Daga nan ya fita zaure, aka daɗe ba a gan shi ba.

Hajiya ta kai waƙar har ƙarshe. Da ta gama ta ce "tik," hasken goshinta ya ɗauke. An canza batir, an dafa kafaɗa, an ɗaga ƙamus an mayar. Rauda ta sauka daga motar Kano bayan azahar ta tarar da gawa.

Ana sanar da jama'a cewa a yammacin ranar aka juye lamba arba'in da ɗaya a FLAC, kuma sunan ya fito. Rauda ta ce faifai daga tsakiya ake karanta shi zuwa baki, waƙar Inna kuwa ita ce ta farko, don haka ƙusar Ɗantani ba ta kai gare ta ba. Abin da ƙusar ta ci shi ne jawabin wani babban baƙo da aka cike ƙarshen faifan da shi. Iyali sun ɗauki wannan rashi da juriya.

Game da marayu, iyali sun zauna sun yanke shawara. Da zarar an yi girbi za a tattaro su duka a juye a FLAC, a ajiye a wuri uku: ɗaya a Kano wurin Rauda, ɗaya a akwatin Malam, ɗaya a gidan Baffa Kolo, tun da shi ya kawo marigayiya. Daga wannan iri za a yi MP3 a babban awo, ga duk mai so a wayarsa. Maikuɗi ya ɗauki aikin, ya kuma yi alkawari a gaban shaidu cewa daga yau zai riƙa ce wa malaminsa ba zai yiwu ba. Faya-fayan da kansu za su koma ƙarƙashin gado, kwanuka su koma inda suka fito, ban da goma sha shida na jawabai, waɗanda aka bar wa gona har abada, tun da a can aka gano baiwarsu. Har yanzu ba a ga guda goma sha tara ba. Duk wanda ya ga wani abu yana ƙyalli a gonarsa, ko a bayan kekensa, ko a wuyan akuyarsa, ya taimaka ya kawo. Ba za a yi masa tambaya ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi Liman, ya ce marigayiya ba ta bukatar wanka ko salla, kuma a ganinsa hisabinta mai sauƙi ne. Za a ɗauki gawar ran kasuwar Ajingi mai zuwa, da hantsi, a bayan babur ɗin da ta saba hawa, naɗe cikin bargon da ta zo da shi, zuwa rumfar mai gyara, wanda zai raba sassanta ga 'yan'uwanta masu jinya. Lasifikan biyu za su zauna a gida. In rimot ya ji wannan sanarwa, ya sani an yafe masa.

Za a karɓi gaisuwa kwana uku a ƙofar gidan Malam, ƙarƙashin darbejiya, daga la'asar zuwa kafin magariba. Barira za ta soya ƙuli-ƙuli, Maikuɗi zai raba. A rana ta uku za a haɗa lasifikan marigayiya da kwamfutar Rauda a kunna lamba arba'in da ɗaya a bainar jama'a, domin Malam ya ce abin da ya kusa salwanta saboda ɓoyo bai kamata a sake ɓoye shi ba. Ana roƙon masu tari su yi tarinsu tun da wuri, masu waya su kashe, kowa ya yi tsit in an shiga minti na huɗu. An tanadar wa Ɗantani wuri a sahun gaba, kuma shi da kansa ya nemi a bar shi ya zauna da hannayensa biyu a baya.